Wanda ya ce "to, shi ke nan" bai ce ya yarda ba

Akwai wata kalmar Turanci da nake ganin duk mai gona ko fili ko kason gado a hannun wani ya kamata ya san da zamanta, ko da bai taɓa shiga aji ba, domin kalmar nan tana raba mutane da dukiyarsu a kotu ba tare da an yi musu fashi ba, ba tare da sun sa hannu a komai ba. Kalmar ita ce acquiesce, ana furta ta kamar akwiyes, in kuma sunan halin ake so sai a ce acquiescence. Abin da take nufi shi ne mutum ya ga ana yin abu, ransa bai so ba, yana da ta cewa, amma ya haɗiye ya bari a yi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai janye jiki. Irin abin nan da muke cewa dole ƙanwar na ƙi, ko mutum ya ce ba da son raina ba amma ya zan yi.

Asalinta daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin hutawa ko yin tsit, tushensu ɗaya da quiet da kowane ɗan firamare ya sani, ta biyo ta Faransanci ta shigo Turanci wajen farkon ƙarni na 17. Tsofaffin marubuta da lauyoyi sun fi haɗa ta da kalmar Turanci "in", yanzu kuma za ka ji ana haɗa ta da kalmar Turanci "to" sosai musamman a Amurka, duka biyun suna tafiya. Inda 'yan makarantarmu da masu rubuta bayanin taro suke kuskure shi ne suna ɗaukarta kamar wata babbar rigar agree ce, kalmar da ke nufin yarda, wato in kana so a ce ka iya Turanci sai ka sako ta, alhali ba haka ba ne ko kusa. Ba a cewa mutum ya yi acquiesce ga abin da shi ya nema ko yake murna da shi. Sai in da akwai ƙi a zuciya tukuna, ko aƙalla akwai dalilin da ya kamata ya sa mutum ya ɗaga murya amma bai ɗaga ba. Uban da ya so ɗansa ya karanta likitanci, yaron ya nace sai aikin soja, aka yi ta ja har uban ya gaji ya ce je ka Allah ya taimaka, to wannan uban shi kalmar take nufi.

Kuma su kansu masu harshen sun san ba abu ɗaya ba ne da yarda. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtar da mutane, ta 1984, a sashenta na farko inda take bayanin mene ne azabtarwa, ta jera kalmomin biyu kusa da juna, ta ce abin da aka yi da yardar jami'in gwamnati ko da acquiescence ɗinsa. Da abu ɗaya ne da ba a rubuta biyu ba. Abin da ake nufi a can shi ne babban jami'in da ya san ana dukan mutum a ɗakin baya ya kau da kai, ba zai zo daga baya ya ce ai ni ban ba da umarni ba, shirunsa ma laifi ne. Wannan amfani na kalmar ina sonsa ƙwarai domin mai ƙarfi take kamawa. Damuwata tana inda take kama marar ƙarfi.

A kotunanmu da suka gaji dokar Ingila, in ka kai ƙarar fili, ɗaya daga cikin abubuwan farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai jefo shi ne laches and acquiescence, wato ka yi jinkiri kuma ka yi shiru. Hujjar ba ta banza ba ce, dole a faɗi gaskiya. In kana tsaye kana kallo mutum ya shiga filinka bisa zaton nasa ne, ya haƙa fandisho, ya sayi bulo, ya kai linta, ya rufa kwano, ya yi fenti, ya tare da iyalinsa, duk kana wucewa ta ƙofar kana yi masa sannu da aiki, sai bayan ya gama ka fito da takarda ka ce tashi, to ka cuce shi, kuma kotu ba za ta taya ka ba. Tun 1866 babbar kotun Ingila ta tsayar da wannan a shari'ar Ramsden da Dyson, a nan Najeriya ma tun 1913 a shari'ar Akpan Awo da Cookey Gam alƙalai suka ce ko da al'adar gargajiya ba ta san mallaka ta hanyar daɗewa ba, ba za su tashi wanda ya daɗe zaune a wuri ba tsangwama, mai wurin yana gani yana shiru.

Kada wani ya ce ai wannan dokar Nasara ce, mu ba ruwanmu. Muna da tamu, kuma ta riga tasu. Duk wanda ya yi zaman kotun shari'ar Musulunci a Arewa ya ji kalmar hauzi, wato mallakar abu ta hanyar daɗewa ana riƙe da shi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni, ta faɗa ƙarara cewa wanda ya riƙe gida shekara 10 ana danganta gidan da shi, mai gidan yana nan a gari, ya sani, bai yi da'awar komai ba, to ba shi da sauran magana. Sai ta ƙara da cewa tsakanin dangi da surukai ba a yin hauzi a irin wannan ɗan lokaci. Shi ya sa za ka ji alƙalanmu suna maganar shekara 40 in 'yan uwa ne, saboda malamai sun san ɗan uwa yana yi wa ɗan uwansa kawaici irin wanda ba zai yi wa bare ba. Sun kuma cire abin da aka karɓa aro ko haya ko jingina ko amana, wannan ko shekara nawa ya yi ba ya zama na mai riƙo, sun cire yaro da bai balaga ba, da wanda ba ya gari, da wanda tsoro ne ya rufe masa baki saboda mai riƙe da abin yana da iko.

To ka ga duka dokokin biyu ba su ce kowane shiru yarda ba ne. Sun gindaya sharaɗi: mutum ya san haƙƙinsa ne, yana nan yana gani, kuma yana da halin magana amma ya ƙi yi. Wannan sharaɗi na uku shi ne abin da nake ganin muna tsallakewa kullum, a gida da kotu da ofishin gwamnati, kuma a nan ne ake zaluntar mutane da yawa, mata su ne kan gaba.

Na san wata baiwar Allah, ba zan faɗi garinsu ba, mahaifinsu ya rasu ya bar gonaki biyu da gida, su biyar, maza biyu mata uku. Ba a raba gado ba, kamar yadda aka saba, aka ce babban wansu ya ci gaba da nomawa yana ciyar da tsohuwa. Shekara ta farko da ta biyu in an yi girbi yakan aika wa kowace da buhun gero da ɗan wake, daga baya ya koma rabin buhu, daga baya ya koma sai in an haɗu a biki ya ce wallahi bana damina ba ta yi ba. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta je, ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa bayan sallar isha, ta gaishe shi ta tambayi iyali ta tambayi gajiya, ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta ce, "Yaya, dama maganar gonar Baba ce, na ce ko za a duba." Bai ko ɗago ba ya ce, "Ke da wa za ki noma? Ko mijinki ne ya turo ki? Ki bari dai a ga bayan damina." Ta ce, "A'a wallahi Yaya, ba wanda ya turo ni. To, shi ke nan. Allah ya kai mu." Ta tashi ta tafi, kuma ba ta sake tayar da maganar ba, saboda tsohuwa ta kira ta ta ce kada ki raba min kan 'ya'ya ina raye.

Gari ya yi ta matsowa har gonar da ke bakin hanya ta zama filaye, dillalai suka fara zarya, wan ya yanka ya sayar, ya rasu, 'ya'yansa suka tashi da sanin cewa gonar babansu ce, domin tun da suka buɗe ido shi suke gani a ciki. Yanzu in ta je kotu tambayar farko da za a yi mata ita ce ina kike duk shekarun nan, kin taɓa yin magana, wa ya ji. Ta yi magana mana, amma a ƙofar ɗaki da dare, ita da shi, kuma shi ya tafi. Ko da alƙali mai tsoron Allah ne ya ce tsakanin 'yan uwa ba a saurin yanke hauzi, sai ta kawo shaidun da za su ce gonar ta mahaifinsu ce ba a taɓa rabawa ba, kuma dattawan da suka san haka yawancinsu suna kabari, waɗanda suka sayi filayen kuma sun yi gini suna da takardunsu.

Abin da ke ci min rai shi ne mu muka koya mata shirun nan. Tun tana ƙarama ake ce mata mace da kunya aka san ta, ba a ja da babba, mahaƙurci mawadaci, wadda ta nemi gadonta a bakin mutane ta zama marar tarbiyya mai son abin duniya, a ce ko kasusuwan ubanta ba su huce ba. Ta yi duk abin da aka ce mata shi ne mutunci. Sannan ranar da ta zo neman haƙƙinta mu ɗin dai muka juyo muka ce ai ke kika yi shiru. Wallahi wannan ba adalci ba ne, ba zai yiwu al'umma ta hana mutum magana sannan ta kafa masa hujja da rashin maganar ba.

Ƙasashe ma da lauyoyinsu da sojojinsu wannan kalma ta kayar da su. Akwai wani tsohon wurin bauta a kan dutse tsakanin Kambodiya da Tailan, sunansa Preah Vihear. Yarjejeniyar 1904 tsakanin Faransa, wadda ke mulkin Kambodiya a lokacin, da Siyam, tsohon sunan Tailan, ta ce iyaka za ta bi inda ruwa ke rabuwa a kan tsauni, kuma Tailan ta ce in aka bi wannan wurin nata ne. Amma jami'an Faransa suka zana taswira da ta sa shi a ɓangaren Kambodiya, aka miƙa wa Siyam a 1908, ta karɓa ta yi godiya har ta nemi ƙarin kwafi, ba ta ce uffan ba. A 1930 Yarima Damrong, babban ɗan gidan sarautar Siyam, ya ziyarci wurin, jami'in Faransa ne ya tarbe shi ga tutar Faransa tana kaɗawa, nan ma ba a aika takardar ƙorafi ba. Da aka je Kotun Duniya a Hague, a 1962 ta ba Kambodiya, kuma babban dalilinta shi ne shirun nan na kusan shekara 50. Kotun ma ta kawo wata tsohuwar ƙa'idar Latin mai cewa wanda ya yi shiru ana ɗauka ya yarda, in ya kasance ya kamata ya yi magana kuma yana da ikon yi. Wannan sharaɗin na ƙarshe yana nan a jikin ƙa'idar, mutane ne suke yanke ta su ɗauki rabin farko.

Mu ma mun gwada kafa hujja da ita ba ta yi mana ba. Kowa yana tuna Bakassi, amma mutanenmu na Arewa ya kamata su fi tuna Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita a yankin Tafkin Chadi, inda masunta da manoma 'yan Najeriya, da Hausawa a cikinsu, suka yi ta bin ruwa yana ja baya suna kafa gari, ana gudanar da su daga ƙaramar hukumar Ngala ta Borno. Najeriya ta ce wa Kotun Duniya mun daɗe muna mulkin wuraren nan Kamaru tana gani ta yi shiru, don haka namu ne. A hukuncin 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ce a'a, takardun da Ingila da Faransa suka yi tun 1919 da 1931 sun riga sun shata iyaka, kuma Kamaru ba ta yi irin shirun da za a ce ta saki haƙƙinta ba. A Disamba 2003 aka miƙa ƙauyukan. Abin da ya raba shari'ar nan da ta Tailan har da wannan, ɗaya ta bar alamar cewa ba ta yarda ba, ɗaya ba ta bari ba.

Yanzu a dawo kan yadda hukuma take karanta shirun talaka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe wuri saboda amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Duk wanda ke zaune a gefen babban gari ya san yadda abin yake tafiya. Mai unguwa zai aiko a taru a ƙofar gidan dagaci, 'yan kwamiti su zo da motoci da fayil, a shimfiɗa tabarmi, a yi addu'a, wani ya tashi ya yi bayanin cewa za a kawo ci gaba, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Dattijo zai matso a kama babban yatsansa a danna a tawada a danna a takarda da bai san me ke cikinta ba, ya karɓi abin da aka ba shi, ya goge yatsan a gefen riga, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ga dagaci zaune, ga ɗan sanda tsaye, wa zai ce bai yarda ba? Sai a koma ofis a rubuta cewa al'umma sun amince baki ɗaya ba wanda ya yi ƙorafi. In ka bi mutumin nan gida ka zauna da shi za ka ji abin da ke cikinsa, gonar da ya gada daga kakansa ce, kuɗin ba za su sayi rabin irinta ba ko a ƙauyen gaba.

Haka abin yake a manyan al'amura. A Janairu 2012 da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, mutane suka fito a Kano da Kaduna da Legas da Abuja, ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da aiki, cikin mako biyu aka dawo da ita 97. A 29 ga Mayu 2023 aka sake cirewa, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ba a ga irin waccan fitowar ba a lokacin, sai aka yi ta jin masu magana da yawun gwamnati suna cewa 'yan ƙasa sun fahimta, sun rungumi gyara. Ni ban zo yin gardamar ko cire tallafi daidai ne ko kuskure ba, masana tattalin arziki suna ta yi, abin da na ƙi shi ne a kira gajiya da sunan fahimta. Mutumin da ya ajiye mashin ɗinsa ya koma tafiya a ƙasa, ya rage cin abinci daga sau uku zuwa biyu, bai rungumi komai ba, neman na cefane ne ya hana shi tsayawa magana. Da aka fito a Agusta 2024 sai wasu suka yi ta mamaki kamar daga sama abin ya faɗo, alhali shekara guda ana tara shi a ciki. Bahaushe ya riga ya ce shiru ba tsoro ba ne, gudun magana ne, kuma shugaban da ya ɗauki shirun mutanensa a matsayin ƙuri'ar amincewa kansa yake rufe wa ido.

Ba ina cewa haƙura da abin da ba ka so mugun abu ba ne. Ba a zaman tare sai da shi. Shugaban Amurka Abraham Lincoln a jawabinsa na kama mulki a Maris 1861, ƙasarsu tana gab da yaƙin basasa, da wannan kalmar ya yi amfani, ya ce in marasa rinjaye ba za su haƙura su bi ba to dole masu rinjaye su haƙura, in ba haka ba gwamnati ta tsaya. Gaskiya ya faɗa, duk zaɓe sai wani ya faɗi, duk shari'a sai an kayar da wani. Amma akwai yadda ake yi. A Disamba 2000 da Kotun Ƙolin Amurka ta tsayar da sake ƙirga ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa na jihar Florida, inda tazarar ta kasance ƙuri'a 537 kacal, Al Gore, ɗan takarar da hukuncin ya kayar, ya fito a talabijin ya ce sam bai yarda da hukuncin kotun ba amma ya karɓe shi. Abu biyu ya faɗa a numfashi ɗaya, na karɓa, ban yarda ba, kuma ba wanda ya ce ya yi rashin kunya, ba kuma wanda zai zo bayan shekaru ya ce ai Gore ya gamsu. Wannan shi ne abin da nake so mu koya, mu daina ganin hanya biyu ce kawai, ko ka haɗiye ka mutu da abu a ciki ko ka tayar da rigima a raba zumunci.

Na san abin da wasu za su ce, cewa addini ya yi umarni da haƙuri, kuma wanda ya bar wa Allah bai yi asara ba. Haka ne, kuma wanda ya yafe haƙƙinsa da zuciya ɗaya, ya san nasa ne, ba wanda ya matsa masa, ya ce na bar wa ɗan uwana, wannan ladansa yana wurin Allah kuma ba ruwan kowa. Amma yafiya daban, danniya daban. Wadda ta ce "na bar shi da Allah" tana hawaye ba yafewa ta yi ba, ƙara ta kai, kuma wanda ya ci wannan gonar ya san haka in zai gaya wa kansa gaskiya. Ana yawan kawo hadisin da ya ce budurwa ana neman izininta kuma shirunta shi ne izininta, a manta cewa an yi wannan sassauci ne saboda kunyarta ta cewa ina so, ba don a rufe bakin wadda ba ta so ba. Khansa'u bint Khizam mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗa, ya warware auren, yana nan a Bukhari. Ba a ce mata ta yi rashin kunya ba don ta kai ƙarar mahaifinta. Kuma malaman usulu, wato tushen fiƙihu, suna da ƙa'idar da ake dangantawa da Imamu Shafi'i cewa ba a jingina wa mai shiru magana. Wato asali shi ne shiru ba magana ba ne, sai a wuraren da aka keɓe, mu kuma mun mayar da keɓantaccen ya zama shi ne asali saboda ya fi yi wa mai ƙarfi daɗi.

Don haka nauyin yana kan ɓangare biyu, amma ba daidai ba. Wanda abu yake hannunsa, wa ne ko kawu ko shugaban kwamiti ko gwamna, shi ya fi cancanta ya tambaya, kuma ya tambaya a inda mutum zai iya cewa a'a. Tambayar mace a gaban mahaifiyarta da yayyenta maza biyar ko ta yarda a bar gona a hannun Yaya ba tambaya ba ce. A tura mata wata dattijuwa da take sakewa da ita, ko malamin da zai raba gadon ya keɓe da kowace ya ji ta bakinta, ya gaya mata adadin kasonta a fili, kadada nawa ko naira nawa, domin da yawa suna yafe abin da ba su san girmansa ba. Alƙalai ma in an kawo musu maganar hauzi ko lauya ya tashi yana ta acquiescence, ina roƙonsu kada su tsaya a ƙirga shekaru, su tambayi me ya hana ta magana, wa take ci a hannunsa a lokacin, wa zai karɓe ta in aurenta ya mutu. Dokar da ke gabansu ta ba su wannan damar, ta Musulunci da ta Ingila duka.

Mu kuma da ake cin namu, mu rage jin kunyar barin shaida. Ba sai an je kotu ba, ba sai an ɗaga murya ba. In ka ba ɗan uwa aron gona ka kira mutum biyu su ji cewa aro ne, a rubuta a 'yar takarda ko da ajami ne, kowa ya riƙe kwafi, in an yi shekara biyu uku a sake tunawa a gaban mutane cikin raha. In wani ya fara zuba yashi a filinka kada ka jira ya kai linta don kana jin nauyinsa, ka je da mai unguwa tun ranar. In an kira ka karɓar diyya kuma ka san ba yadda za ka yi, ka karɓa, amma ka nemi a rubuta cewa ka karɓa ne ba tare da ka gamsu da kimar ba, in sun ƙi ku haɗu ku rubuta takardar ƙorafi ku kai a buga muku hatimin karɓa ku ajiye kwafi. Yanzu ma da waya a hannun kowa, saƙon murya na WhatsApp da ƙanwa za ta tura wa wanta cikin ladabi, "Yaya ina wuni, ina dai tuna maka kasona na gonar Baba yana nan ban yafe ba, na bar shi a hannunka amana ne," ya fi shirun shekara 20 amfani, gare ta da 'ya'yanta, har da shi kansa Yayan da za a tambaya gobe kiyama. Gado kuma a raba shi da wuri, tun dattawan da suka san iyakar gonar suna da rai, in ya so bayan kowa ya san nasa wanda ya ga dama ya bar wa Yaya ya ci gaba da nomawa.